Tsawa a Filin Gangare

Shekarar da aka faɗaɗa gasar ƙwallon kwalejojin jiha, duk Zuru babu wanda ya kai Kefas Dudu murna. Shi ne malamin wasanni kuma kocin wata ƙaramar kwalejin horar da malamai da ke bayan Rikoto, wadda mutanen gari suka manta sunanta na takarda suke kiranta Gangare, saboda a gindin tsauni aka gina ta, komai nata a karkace yake, har filin ƙwallon.

A da, ƙungiyoyi huɗu ne kawai ke kaiwa zagayen sili-ɗaya-ƙwale, kuma duk a Birnin Kebbi ake bugawa, cikin tsakiyar bazara. Sau biyu Kefas ya kai yaransa can. Ya ga yadda rana ta gasa su, 'ya'yan manoman tsauni da 'ya'yan sojoji waɗanda a gida ba a tsere musu a gudu, amma a can tun kafin hutun rabin lokaci harshensu ya fito. Akwai wanda ya durƙusa ya yi amai a tsakiyar fili 'yan kallo na dariya. Kefas bai manta wannan dariyar ba. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Su zo gidanmu sau ɗaya kawai, su ma su ɗanɗana."

To sai ga sabon tsari. Kwamitin gasa ya ce yanzu ƙungiyoyi goma sha biyu za su shiga, kuma wanda ya fi maki shi zai karɓi baƙo a filinsa a zagayen farko. Ƙarin wasannin ya ja lokaci, gasar da aka saba gamawa kafin ruwan farko ta kutsa har cikin Agusta. Gangare ta sami gida. Baƙinta 'yan kwalejin Tungar Yashi ne, can arewa a bakin gulbi, yaran da suka tashi suna buga ƙwallo a kan rairayi busasshe, ƙafa da ƙafa, kamar masu saƙa.

Kefas ya san filinsa kamar tafin hannunsa. Jar ƙasa ce mai yauƙi. Da rani ta yi tauri kamar siminti, amma da ruwa ya sauka sai ta koma sabulu, duk ruwan tsauni ya gangaro ya kwanta a gefen ragar yamma. Tun daga Yuli ya riƙa fito da yaransa atisaye daidai lokacin da hadari ya haɗo. Ya hana su gajeren fasin. A ɗaga ƙwallo sama, a bi ta da gudu, a buga raga ƙasa-ƙasa daga nesa don ta zame wa gola. Kyaftin ɗinsa Prosper, ɗan wani soja da ya mutu a bakin daga, shi ya fi kowa iya wannan. Ƙaton yaro ne mai faɗin ƙirji, a laka yake gudu kamar a kan kwalta. Shekararsa ta ƙarshe ke nan, kuma kowa ya san da ya gama karatu, soja zai shiga, kamar ubansa da kakansa.

Ana saura 'yan kwanaki, kocin Tungar Yashi ya kira Kefas a waya. Malam Yari dattijo ne, ya daɗe a harkar, sun sha haɗuwa a tarurruka.

"Malam Kefas, alfarma nika roƙo," in ji shi. "An ce mini ruwan ƙasarku da la'asar shika zuwa, kuma da tsawa. Mi zai hana mu buga da sahe? Ɗiyan mutane na garan."

"Malam Yari, takarda ƙarfe huɗu ta ce."

"Na san abin da takarda tac ce. Amma in ni da kai munka yarda, kwamiti ba su hanawa."

"Lokacin da muke zuwa wajenku ƙarfe biyun rana kuke sa mana wasa. Wa ya taɓa tambayarmu?"

Malam Yari ya ce, "To, Allah shi kai mu." Ya kashe wayar.

Rachel, matar Kefas, tana tsinke ganyen rama a bakin ƙofa, ta ji komai. "Baban Divine, da ka bar masa safiyar. Bana tsawa ta yi yawa. Ka manta shanun da ta kashe a hanyar Dabai?"

"Shanu a ƙarƙashin bishiya suka tsaya," ya ce. "Mu a fili muke." Ya ɗauki usur ɗinsa ya fita.

Ranar Asabar tun azahar mutane suka fara cika gefen fili. Gangare ba ta taɓa ganin taro irin wannan ba. Tsofaffin sojoji sun zo da kujerunsu na roba suka jeru gaba, mata na gasa masara da sayar da dafaffiyar gyaɗa, 'yan acaɓa sun kewaye filin da babura, samarin coci sun kawo ganguna. Har daga Ribah da Danko an zo. Shugaban kwaleji ya sa an kafa masa rumfa. Sama tana da haske, sai dai can gabas bayan tsauni akwai baƙi-baƙi yana taruwa. Kefas ya dube shi ya ji daɗi a ransa.

Farkon wasan na baƙi ne. Ƙasa ba ta jiƙe ba tukuna, kuma suna da wani siririn yaro mai lamba goma, Zakiyyu, wanda in ƙwallo ta zo ƙafarsa sai ka ce ɗinke ta aka yi a takalminsa. Ya wuce 'yan bayan Gangare biyu, ya yaudari gola ya kwanta, ya tura ta raga a hankali. Bai yi ihu ba, ya dai ɗaga hannu yana murmushi. Tsofaffin sojojin ma sai da suka tafa masa.

Daf da hutun rabin lokaci iska ta kaɗo, rumfar shugaba ta fara rawa, sai ruwa ya ɓalle. Jama'a maimakon su watse sai suka kaure da ihu, don kowa ya san abin da ake jira ke nan. Aka dawo daga hutu fili ya zama kunu. Yaran Tungar Yashi suka shiga faɗuwa. Su ba da fasi ƙwallo ta tsaya a ruwa, su juya ƙafa ta tafi ta bar su. Farar jesinsu ta rine ta koma ja. Prosper ya farke da kai daga bugun kwana. Ba a jima ba ya sake ɗirka wata daga nesa, ta taɓa laka ta zille ta ƙarƙashin golan. Biyu da ɗaya. Kefas ya zame a gwiwa cikin taɓo, hannuwansa a sama. Abin da ya yi shekaru yana gani a mafarki, ga shi a gabansa.

A nan ne tsawar farko ta fashe a kan tsauni, kusa sosai, har ƙasa ta amsa. Masu gasa masara suka kwashe kayansu suka ruga baranda. Walƙiya ta sake tsaga sama, ƙarar ta biyo ta nan take.

Alƙalin wasa, wani matashi mai suna Ebenezer da aka turo daga Yawuri, ya busa usur ya yafito Kefas da Malam Yari. Ruwa na zuba daga gemunsa.

"Zan tsayar," ya ce. "Abin nan ya sauko kanmu."

Dukansu uku sun san dokar sabon tsarin. In aka tsayar da wasa saboda yanayi kafin ya ci kashi uku cikin huɗu, sai a sake shi daga farko a Birnin Kebbi. In ya wuce haka, abin da aka ci ya zauna. Kuma saura ƙiris a kai wurin.

"Rafali, minti nawa ya rage a kai?" in ji Kefas.

"Kaɗan ne, amma..."

"To a buga kaɗan ɗin! Mu nan kullum a haka muke atisaye. Tsawar nan a kan dutse take sauka, ba ta zuwa fili. Ni aka haifa a nan."

Malam Yari ya kama hannunsa. "Malam Kefas, don girman Allah. Ku riƙe cin naku, ni zan sa hannu cewa kun ci mu. A hidda yaran ga daga hili."

"Hannunka ba shi ne doka ba. Gobe kwamiti su ce a sake, mu koma rana ta kashe mu. Ba zan yarda ba."

'Yan kallo sun gane abin da ake tattaunawa. Ihu ya tashi ta ko'ina, "A buga! A buga!" Wasu samari suka fara tsallako igiya. Ebenezer ya dubi taron, ya dubi sama, ya dubi Kefas. Baƙo ne, shi kaɗai, kuma a garin zai kwana. Ya sa usur a baki.

Malam Yari ya tsaya kamar zai kira yaransa su fito. Amma wanda ya fice da kansa an kore shi daga gasa ke nan har shekara biyu, kuma yaran da kansu suna ɗaga masa hannu a bar su, suna ganin za su farke. Ya koma gefen layi ya tsuguna.

Aka ci gaba. Kefas ba ya kallon ƙwallo, agogon hannunsa yake kallo. Ya ga allurar ta haye inda yake so, ya buɗe baki zai ce wa rafali to yanzu ya tsayar in ya ga dama. A daidai lokacin Zakiyyu ya karɓi ƙwallo a tsakiyar fili, Prosper ya taho zai tare shi.

Kefas bai ji ƙara ba da farko. Fari ya gani, fari ƙal wanda ya shafe fili da mutane da tsauni, sannan wani abu ya daki ƙirjinsa, ya tsinci kansa zaune a ƙasa. Da idonsa ya dawo, rabin 'yan wasan suna kwance. Wani wari ya cika wurin, kamar wayar lantarki ta ƙone. Ɗaya bayan ɗaya suka fara motsi, wannan ya rarrafa, wancan ya tashi yana layi yana riƙe da kai. Biyu ba su tashi ba.

Ya isa wurin da gudu yana faɗuwa. Prosper na kwance rub da ciki, jini na fita daga kunnensa na hagu, amma bayansa na ɗagawa yana sauka. Zakiyyu na rigingine, idonsa a buɗe ruwa na zuba a ciki bai ƙifta ba. Takalminsa ɗaya ya tsage daga baki har dunduniya. Malam Yari ya faɗa kansa yana danna ƙirjinsa, yana kiran sunansa, yana salati. Wani tsohon soja da ya yi aikin jinya a bariki ya ture mutane ya karɓa, ya yi ta dannawa yana hura masa iska har hannunsa ya gaji.

A bayan a-kori-kurar wani mai kayan miya aka kwashe su zuwa asibiti. Kefas ya riƙe kan Prosper a cinyarsa, Malam Yari ya rungume Zakiyyu. Ba wanda ya dubi wani. Likita ya duba Zakiyyu bai daɗe ba ya ja mayafi ya rufe shi.

Ruwan ranar ya cinye wata kwalbati a hanyar Koko, mota ba ta wucewa. Aka sami uban yaron a waya, wani masunci. Ya ce kada a wahalar da gawa, a yi masa sutura a inda Allah ya karɓi abinsa. Da safe Musulmin Zuru suka taru, mutanen da ba su taɓa sanin yaron ba, suka yi masa wanka suka sallace shi. Ranar Lahadi ce, amma Kefas bai je coci ba. Ya bi su har maƙabarta ya tsaya daga bakin katanga, hularsa a hannu. Abokan wasan Zakiyyu ne suka ɗauki makara, wasunsu har lokacin da jar laka a bayan kunne.

Da aka fito Malam Yari ya tsaya a gabansa. Idonsa ya kumbura.

"Ni na ɗauko yaron ga daga hannun uwa tai," ya ce a hankali. "Ta ce in kula mata da shi, bai taɓa tahiya mai nisa ba. Yanzu mi zan ce mata? In ce mun bar shi Zuru?"

Kefas ya damƙe hularsa. Malam Yari ya ci gaba.

"Ni ma da laihina. Da na hidda su, ko da an kore mu shekara goma. Amma sau biyu ina roƙonka, Malam Kefas. Sau biyu." Ya wuce ya shiga motarsu.

Kwamiti ya zauna a cikin makon. Rahoton alƙalin wasa ya nuna an wuce kashi uku cikin huɗu kafin abin ya faru, saboda haka biyu da ɗaya ta zauna, Gangare ta haye zagaye na gaba. Suka aiko da ta'aziyya ga kwalejojin biyu, suka kira abin ƙaddara. Ebenezer bai rubuta cewa ya so tsayarwa an hana shi ba, kuma ba wanda ya tambaya. Shugaban kwaleji ya kira Kefas ofis ya ce masa ya san abin da ciwo, amma sunan makaranta ya riga ya fita, ba a taɓa kaiwa nan ba, dole a je.

Aka je. Iyaye da yawa sun hana 'ya'yansu, da ƙyar aka haɗa sha ɗaya da 'yan canji biyu. A Birnin Kebbi aka buga. Ana cikin wasa wani ɗan gajimare ya rufe rana, iska ta ɗan kaɗa, sai Kefas ya ga yaransa duk sun daina kallon ƙwallo sun ɗaga kai sama. Golansa ya bar raga ya fara takawa zuwa gefen fili. Aka zura musu biyar. Kefas bai tashi daga benci ba har aka tashi.

Prosper ya yi mako biyu a asibiti. Ya tashi, ya yi tafiya, amma kunnen hagu ya mutu, kuma hannunsa na dama yakan kama rawa haka kawai. Da aka buɗe ɗaukar sojoji ya je duk da haka. A gwajin lafiya aka cire shi tun ranar farko. Uwarsa, wadda ke gaisawa da Rachel kullum a zumuntar mata, ta koma zama a ɗaya gefen cocin. Shi Prosper bai taɓa ɗaga wa Kefas murya ba. In sun haɗu a hanya sai ya juyo da kunnen dama ya ce, "Koci, ina wuni," ya wuce. Kefas ya fi son da zaginsa ya yi.

A gari an kasu. Wasu na cewa koci ba shi ya aiko tsawa ba, kuma duk wanda ke wurin ya yi ihun a buga. Wasu in ya shigo wurin mai shayi sai hira ta mutu. Ya daina fita in ba aji ba. Rachel ba ta taɓa ce masa ai na gaya maka ba, sai dai in hadari ya haɗo takan shigo da Divine ɗaki ta rufe taga, ta bar shi zaune a baranda.

Bayan an yanke dawa, wata ranar Talata, mai gadin kwaleji ya zo ya ce wani tsoho na nemansa a bakin ƙofa. Siririn mutum ne, doguwar riga shuɗiya da ta koɗe, da 'yar jaka a hammata. Kefas na ganin fuskarsa ya san ko wane ne, don kamarsu ɗaya da Zakiyyu.

"Kai ne Kefas? Ni ne uban Zakiyyu. Na zo daga kabari nai. Ina son ka gwada mini wurin."

"Sannu da zuwa, Baba. Ka sha ruwa tukuna."

"Na sha a masallaci. Mu tai."

Suka gangara filin. Ƙasa ta bushe ta tsattsage, ciyawa ta cinye layukan, awaki na kiwo a gaban raga. Kefas ya kai shi tsakiya ya nuna da hannu. Babu wata alama a wurin. Tsohon ya tsuguna ya dafa ƙasar, ya daɗe bakinsa na motsi. Sannan ya miƙe ya dubi tsaunin, ya dubi yadda filin ya karkata.

"An ce ya ci ƙwallo ɗaya ranar."

"Ya ci, Baba. Ban taɓa ganin yaro mai ƙafa irin tasa ba."

"Ni ban taɓa ganin shina bugawa ba. Kullum ina gulbi." Ya karkaɗe hannunsa. "Malam Yari ya gaya mini komi, yadda anka yi da sahe da la'asar, da abin da alƙali yac ce. Ban zo jin bakinka ba. Uwa tai ta ce in gaya maka ba ta yahe ba, kuma na gaya maka. Ni kuwa ina ƙoƙari, ban kai ba tukuna."

Kefas ya sunkuyar da kai. "Na ji, Baba."

"Ɗayan yaron fa? Naku."

"Yana raye. Kunne ɗaya ya tafi. Yana koyon walda a kasuwa."

"Kai ni in gaishe shi. Shi ne na ƙarshe da yat tsaya kusa da ɗana."

Kefas ya ɗauko babur ya goya shi. A rumfar walda Prosper ya ajiye ƙarfen hannunsa, ya cire baƙin gilashi, ya durƙusa ya gaishe da tsohon. Suka zauna a kan wani benci, tsohon ta ɓangaren dama, yana tambaya yaron na amsawa. Kefas ya tsaya can nesa wajen babur, ƙarar injin ta hana shi jin abin da suke faɗa. Da suka gama ya kai tsohon tasha, ya tsaya har motar Jega ta cika ta tashi.

Kafin ƙarshen shekara kwamiti ya sake zama. Suka bar ƙungiyoyi goma sha biyun, amma suka soke wasan gida, suka mayar da komai Birnin Kebbi cikin bazara kamar da. Da sabon zango ya kama, Kefas ya gaya wa shugaban kwaleji ya nemi wani kocin, shi zai tsaya a koyarwar aji. Shugaban ya yi cigiya a cikin malamai, ba wanda ya karɓa. Shekarar Gangare ba ta shiga gasa ba.